Ajiye faifan kwamfutocin goyo a rumbun tarayya: amsa ga mai saba uku

Tambaya: “Assalamu alaikum. Ni ke kula da sashen kwamfuta na wata makaranta. Muna da saba uku, kowace da ram gigabait 64 da faifai huɗu masu juyawa na terabait 2, duk a haɗe da suwic mai gudun gigabit 1. Muna gudanar da VM kusan ashirin a kan Proxmox, har da mai ɗauke da databes ɗin rajistar ɗalibai. Ina so in haɗe fayafan nan su zama rumbu ɗaya da GlusterFS, kwafi bibbiyu don a samu fili, ta yadda in saba ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki aikinta. Hakan zai yi?”

Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka mai kyau ce, kuma abin da kake nema yana yiwuwa, amma yadda ka tsara shi ba zan ba ka shawarar ka yi ba. Abubuwa uku ne suka tsaya mini a rai: kwafi biyun da ka ambata, gigabit ɗayan nan, da shi kansa GlusterFS a halin da yake ciki yau. Zan bi su, amma sai mun fara fahimtar wane irin kaya ne kake shirin zubawa a rumbun, domin daga nan duk sauran maganar ta taso. Zan riƙa kiran VM da sunan kwamfutar goyo, tunda abin da take ke nan: kwamfuta ce da wata ta goya, tana ci daga ram ɗinta da ƙarfinta.

Idan ka leƙa saba mai goyon, faifan kwamfutar goyo za ka gan shi tamkar kowane fayil, mai suna da girma, ko dai a sigar raw ko ta qcow2, wato hanyoyi biyu na ajiye faifan goyo a matsayin fayil. Nan kamar take ƙarewa. Fayil na yau da kullum, takarda ce ko bidiyo, a buɗe shi, a rubuta, a rufe, ya kwanta. Shi wannan tun daga ranar da aka kunna goyon a buɗe yake, wata da watanni, girmansa gigabait ɗari ko ɗari biyar, kuma dare da rana ana tsakurar sa da ƙananan rubuce-rubuce na kilobait 4 ko 8 ko 16, nan da can, ba a jere ba. A cikinsa akwai wani tsarin fayil cikakke, ext4 ko XFS ko NTFS, wanda ya yi imani da cewa faifai na gaske yake magana da shi. Saboda wannan imanin yana ɗora wa faifan wani alkawari: in na ce maka ka tabbatar da abin da na rubuta, ka kuma amsa mini cewa ka tabbatar, to ko wuta ta ɗauke a wannan ƙiftawar dole in same shi. Umarnin nan shi ne fsync. Databes irin PostgreSQL ko MySQL a kansa suka gina rayuwarsu, kusan kowace rajista da aka kammala sai sun nemi wannan tabbaci kafin su ce wa mai shigar da bayani an gama.

Shi ya sa wasu rumbunan tarayya tun daga tushe ba su dace ba. HDFS na Hadoop, misali, an gina shi ne don manyan fayiloli da ake rubutawa sau ɗaya a riƙa ƙari a ƙarshensu, ba ya yarda a koma tsakiyar fayil a sauya wani abu. Wannan ka cire shi daga lissafi, da duk mai irin halinsa.

Yanzu mu bi rubutu guda ɗaya da ƙafa. Ma'aikaciyar ofishin rajista ta danna maɓallin adanawa. Databes ya rubuta kilobait 8 a kundinsa ya nemi tabbaci. Buƙatar ta fito daga goyon ta shiga QEMU, manhajar da ke tafiyar da goyon a kan saba, daga nan ta shiga manhajar rumbun. A Gluster, ita manhajar da ke kan saba mai goyon ce ke aika kwafi ga kowace saba da kanta, ta kulle wurin da za a rubuta, ta rubuta, ta jira kowa ya amsa. A Ceph kuwa, wata manhajar rumbun tarayya da zan dawo kanta a gaba, ana aika rubutun ga faifai ɗaya da ke jagorantar wannan yanki, shi ya miƙa wa sauran biyun, sai duka sun ce ya zauna sannan amsa ta dawo. Ko ta wace hanya, ma'aikaciyar nan tana jiran wanda ya fi kowa nawa a cikin fayafan, haɗe da zirga-zirgar netwok. Faifai mai juyi 7200 a minti yana ɗaukar wajen milisakan 8 zuwa 12 kafin allurarsa ta isa wurin da aka aike ta, wato rubutun da ba a jere ba kusan ɗari kacal yake iya yi a daƙiƙa. Fayafanka goma sha biyu ne, amma in kwafi uku aka yi, kamar yadda zan nuna maka ya kamata, kowane rubutu sau uku za a yi shi, ka ga ƙarfin huɗu ya rage maka, goyo ashirin kuma na layi a kansu. Ranar da aka buɗe rajista ɗalibai suka yi caa, nan za ka ji a jikinka. Mutane da yawa in za su gwada rumbu sai su kwafi babban fayil su ga megabait nawa yake ci a daƙiƙa, su yi murna. Wannan awon ba ya gaya maka komai game da faifan goyo. Abin da za ka auna shi ne tsawon jiran ƙaramin rubutu guda mai neman tabbaci.

Sai batun kwafi biyu, wanda shi ya fi damuna, domin na ga abin da yake haifarwa da idona. Wata ma'aikata ce aka kira ni, saba biyu gare su, Gluster mai kwafi biyu, shekara guda suna aiki lafiya. Wata safiya aka ɗauke wuta. Batirin UPS na saba ta farko ya riga ya mutu ba wanda ya lura, sai ta faɗi nan take. Ta biyu ta ci gaba, ma'aikatan kuɗi suna ta shigar da rasit. Aka tada janareta, ta farko ta tashi, ta fara karɓar abin da ya wuce ta. Ba ta yi nisa ba janaretan ya yi tari, wannan karon ta biyu ce ta faɗi, kuma ba ta tashi da kanta ba. Mai kula da wurin, don kada aiki ya tsaya, ya tada goyon a kan ta farko, aka ci gaba da shigar da rasit har azahar. Da aka tada ta biyu, sai goyon ya tsaya cak, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Kowace saba tana riƙe da alama a jikin fayil ɗin cewa 'yar'uwarta ce ke baya, kuma kowace gaskiya ta faɗa: ɗaya na da aikin safe, ɗaya na da na hantsi zuwa azahar. Wannan shi ne rabuwar kai. Umarnin gluster volume heal tare da info split-brain zai nuna maka fayil ɗin da abin ya shafa, zai kuma ba ka zaɓi: ka ɗauki wanda ya fi girma, ko wanda aka taɓa daga baya, ko ka nuna saba ɗaya ka ce ita ce mai gaskiya. Abin da ba zai iya ba shi ne haɗa su. Takardun rubutu guda biyu ana iya ajiye su gefe da gefe a gwama, amma faifai biyu da tsarin fayil ɗinsu ya bi hanya daban-daban ba mai ɗinke su. Muka kwafe duka biyun gefe, muka zaɓi ɗaya, muka gyara tsarin fayil ɗin da ke cikinsa, sannan wasu bayin Allah biyu suka zauna da littattafan rasit na takarda suna sake shigar da na rabin yini ɗaya bayan ɗaya, har bayan isha'i. Fuskar mai kula da wurin a daren nan ba ta fita daga raina ba, domin bai yi sakaci da gangan ba, abin da aka koya masa ya yi.

Maganin rabuwar kai shi ne rinjaye: kada a karɓi rubutu sai mafi yawan masu riƙe da kwafi suna nan. To a tsakanin biyu ina rinjaye? In ka ce sai duka biyun suna nan, mutuwar ɗaya ta tsayar da kai, an gudu ba a tsira ba. In ka ce ɗaya ta isa, ka buɗe ƙofar abin da na ba ka labari. Da uku ne lissafin ke fita: biyu sun rinjayi ɗaya, wadda aka ware kuma ta san an ware ta, sai ta kame hannunta. Gluster tun siga ta 3.7 a 2015 ya kawo wata hanya ta tsaka-tsaki, inda saba ta uku ba ta ajiye bayanan kansu, sai sunayen fayiloli da alamomin wa ke gaba wa ke baya, ta zama mai raba gardama. Yana rage cin fili, yana kuma hana rabuwar kai, amma ka sani kwafin bayananka biyu ne har yanzu. A Ceph ƙa'idar da aka saba ita ce size 3 da min_size 2, wato kwafi uku, kuma ba a rubutu sai biyu na raye. Za ka ga masu ba da shawarar a mai da su 2 da 1 don a samu fili. Kada ka saurare su.

Tunda fili ne ya sa ka tunanin kwafi biyu, bari mu yi lissafin filin da gaske. Terabait 24 gare ka a jimla. Kwafi uku ya mai da shi 8. Ceph yana fara gargaɗi in faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, in ya kai 95 kuma sai ya daina karɓar rubutu, duk goyon da ke kansa su daskare. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba a rumbu mai saba uku: tunda dole kowace saba ta riƙe kwafi ɗaya, in faifai ɗaya ya mutu a wata saba, kayansa kan 'yan'uwansa uku na cikin wannan sabar za su koma, ba su da wani wurin zuwa. In ka cika su kashi 70, bayan mutuwar ɗaya sauran za su haura kashi 93, ka ga kana bakin rami. In ka tsaya a kashi 60, za su kai 80, da sauran numfashi. Kashi 60 na terabait 8 bai cika 5 ba. Wato daga 24 abin da za ka mora da kwanciyar hankali bai kai 5 ba. Haka nan kowane faifai a Ceph yana da manhajarsa mai suna OSD, wadda a ƙa'ida take neman ram wajen gigabait 4. Huɗu a kowace saba gigabait 16 ke nan, rubu'in ram ɗinka ya tafi kafin ka kunna goyo ko ɗaya. Gara shugabannin makarantar su ji wannan lissafi daga bakinka yau, da su ji shi ranar da rumbu ya cika.

Netwok kuma, gigabit 1 abin da yake iya ɗauka bai wuce megabait 110 da 'yan kai a daƙiƙa ba. A ranar lafiya zai iya lallaɓawa. Ranar da saba ta mutu aka maye gurbinta, terabait kusan 5 za a tura mata, wanda ko an ba shi layin gaba ɗaya sai ya ci wajen awa goma sha biyu, kuma ba za a ba shi gaba ɗaya ba tunda goyo na aiki. Duk tsawon lokacin nan kana tafiya da kwafi biyu, komai na jan ƙafa. Akwai kuma wani haɗari na musamman ga Proxmox. Sabobinsa suna gaisawa da juna ta wata manhaja mai suna Corosync, wadda ba ta cin layi da yawa amma ba ta jure jinkiri. In rumbu ya cika layin da kwashe-kwashensa, gaisuwar nan sai ta riƙa makara, saba ta ɗauka an ware ta, in kuma an kunna tsarin ɗaukar aikin juna, sai ta sake kunna kanta bayan kamar minti ɗaya. An yi hakan ne da gangan don kada goyo ɗaya ya tashi a wuri biyu. Amma ka duba yadda abin ke zama: rumbu na ƙoƙarin warkewa, ƙoƙarin nasa ya kada wata saba, faɗuwarta ta ƙara masa aiki. Don haka rumbu na buƙatar layinsa na gigabit 10, Corosync kuma nasa daban ko da na gigabit 1 ne. Da saba uku ma ba lallai ka sayi suwic mai tsada ba, kati mai baki biyu a kowace saba ya isa ka haɗa su kai tsaye, kowace da sauran biyun.

Game da shi GlusterFS, ina faɗin wannan da ɗan nauyin zuciya domin na daɗe ina aiki da shi kuma sauƙinsa abin so ne: fayilolinka suna nan a kan XFS, kana iya leƙawa ka gan su. Red Hat ta sayi kamfanin a 2011 ta riƙe shi shekaru, amma ta kawo ƙarshen tallafin nata samfurin a ƙarshen 2024. QEMU ya sanya hanyarsa ta magana da Gluster kai tsaye cikin jerin abubuwan da za a cire tun siga ta 9.2, Proxmox kuma da ya fitar da siga ta 9 a watan Agustan 2025 ya cire shi daga rumbunan da yake tallafawa. Wanda yake da shi a ƙasa yana aiki, ba na ce ya rushe gobe ba, sai dai ya fara shirin ƙaura. Mai sabon gini kuwa, bai kamata ya kafa tubalinsa a nan ba.

Ga masu riƙe da shi har yanzu, abubuwa kaɗan ne ke raba lafiya da wahala. A sa wa rumbun rukunin saituna na group virt, wanda ke kashe ma'ajiyoyin wucin gadi da ba su dace da faifan goyo ba, ya kuma kunna rinjaye. A kunna daddatsa fayil, yadda faifan gigabait 200 zai zama gutsattsari na megabait 64, in an zo cike giɓi a taɓa waɗanda suka sauya kaɗai maimakon a bi fayil ɗin tun daga kai har ƙafa. Amma in an kunna daddatsawar nan aka zuba kaya, har abada kada a kashe ta, domin kashe ta na nufin goyon zai ga gutsuren farko kawai, sauran faifan ya ɓace masa. Sannan a san da zaman daƙiƙa 42 ɗin nan: in saba ta ɓace ba sallama, kamar an zare waya ko wuta ta ɗauke, Gluster a ƙa'idarsa yana jira daƙiƙa 42 kafin ya haƙura da ita, kuma rubutu na tsaye duk lokacin. Linux na cikin goyo kuwa, in faifan da aka nuna masa irin SATA ne, daƙiƙa 30 yake jira kafin ya fara ɗaukar faifan a matsayin mai matsala, daga nan ext4 na iya mai da kansa na karatu kawai. Sai ka ga rumbu ya dawo lafiya lau amma goyo goma na buƙatar a sake kunna su. Ana gyara wannan ta ƙara wa goyon haƙuri da amfani da faifan virtio, irin faifan da aka tsara musamman don goyo.

Abin da ya fi dacewa da faifan goyo, a ganina, shi ne a daina bi da shi ta tsarin fayil ɗungurungum. Ceph, wanda Sage Weil ya fara a matsayin aikin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, yana da fuska uku, kuma biyu daga ciki ne ke rikita mutane. CephFS tsarin fayil ne, mai manyan fayiloli da ƙanana da sunaye, yana da wata manhaja ta daban mai kula da sunayen. RBD kuwa faifai ne tsagwaronsa: ana yanka shi gutsattsari na megabait 4, a warwatsa su a duk fayafan rumbun bisa wani lissafi da ake kira CRUSH, QEMU kuma ya yi magana da su kai tsaye. Ba suna, ba babban fayil, ba mai kula da sunaye a tsakani. Ɗaukar hoton faifai a wani lokaci, da haifar da sabon goyo daga wani, da kulle faifai don kada biyu su rubuta a tare, duk RBD na yi da kansa. Shi ya sa a kansa raw ake amfani da shi. Ɗora qcow2 a kai maimaita aiki ne, ga shi qcow2 na da nasa teburin da ke nuna inda kowane yanki na kilobait 64 yake, wanda in ya lalace faifan duka ya tafi. Proxmox ma ya raba musu aiki haka: RBD don faifan goyo, CephFS don fayilolin ISO da makamantansu. Cibiyar binciken CERN da ke Jeniba ta fi shekara goma tana ɗora faifan kwamfutocin goyonta a kan RBD, don haka hanya ce da aka taka sosai.

Sai dai Ceph na da sharuɗɗansa, kuma ba ya sassauci a kansu. Yana son ya ga kowane faifai tsirara, ba ta bayan katin RAID mai haɗe fayafai su zama ɗaya ba. Yana son agogon sabobin su daidaita, bambancin da ya wuce milisakan 50 tsakanin manhajojinsa masu sa ido a kan rumbun sai ya fara ƙorafi, don haka chrony, manhajar daidaita agogo, wajibi ne. Mafi muhimmanci, yana son SSD irin na sabobi, masu ɗan ma'ajin wuta a ciki da ke ba su damar ƙarasa rubutu in wuta ta yanke. Irin waɗannan suna iya amsa tabbaci nan take kuma amsar gaskiya ce. SSD na laftof da ake samu da araha a kasuwa, a kwafin babban fayil zai burge ka, amma a rubutu mai neman tabbaci wani sai ya faɗo ƙasa warwas, wani kuma ya amsa cewa ya adana alhali abin na cikin ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi. Na biyun ya fi muni. Tsohon SSD na saba da aka yi amfani da shi, in ka duba lafiyarsa da smartctl ka ga da sauran rai, ya fi sabon na laftof a wannan aiki nesa ba kusa ba.

A ɓangaren QEMU akwai saitin cache da ya kamata ka sani. In faifan fayil ne a kan rumbun tarayya ko NFS, ka bar shi a none, yadda rubutu ba zai maƙale a ram ɗin saba mai goyo ba, wanda kuma shi ne ke sa ƙaurar goyo daga saba zuwa saba yana kunne ta tafi lafiya. A kan RBD, writeback ma ba laifi, domin yana mutunta umarnin tabbaci. Wanda ake kira unsafe kuwa watsi yake yi da umarnin gaba ɗaya. Yana da sauri ƙwarai, kuma ranar da wuta ta yanke za a biya kuɗin saurin da databes.

Wannan ya kawo ni kan abin da littattafan waɗannan manhajoji ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu. Duk hikimar kwafi uku an gina ta ne a kan zaton cewa sabobi ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa, kowace da dalilinta. Sabobinka uku a ɗaki ɗaya suke, layin wuta ɗaya, janareta ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya, wataƙila ma UPS ɗaya. Abin da zai kada ɗaya shi zai kada duka, a daƙiƙa guda. A irin wurarenmu an fi ganin ɗaukewar wuta da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, fiye da a ga saba ta mutu ita kaɗai. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi a kan rumbun tarayya, ka tabbatar suwic ɗin na kan UPS tare da sabobin, domin sau da yawa shi ake mantawa, kuma faɗuwarsa kaɗai ta isa ta raba kan kowa. Ka sa manhajar NUT ta riƙa sauraron UPS, in batir ya yi ƙasa ta kashe goyo a tsanake, sannan sabobin. Ka riƙa gwada batiran da kaya a kansu, kada ka tsaya ga koren fitilar da ke gaban akwatin. In za ka kashe rumbun Ceph da kanka don wani gyara, ka sa masa alamar noout tukuna, in ba haka ba bayan minti goma zai ɗauka fayafan da ba ya gani sun tafi ke nan, ya fara kwashe kaya.

To da kayan da ke hannunka yau, me zan yi in ni ne? Ba zan kafa rumbun tarayya ba tukuna. Zan sa tsarin fayil na ZFS a kowace saba, fayafan bibbiyu suna madubin juna, in nemi SSD na saba guda biyu don goyon databes. Sannan in kunna kwafin da Proxmox ke yi tsakanin sabobi, wanda ke tura abin da ya sauya kawai, a ƙa'ida duk minti 15, ana kuma iya matse shi har zuwa minti ɗaya. Goyon na rubutu a faifan da ke cikin sabarsa, da saurin gida, netwok bai shiga tsakaninsa da tabbaci ba. In saba ta mutu, goyon zai tashi a wata da kwafin ƙarshe da ya isa can. Abin da za ka rasa shi ne aikin 'yan mintocin da ke tsakani, kuma wannan magana ce da za ka kai wa shugabanninka a fili: in saba ta mutu za mu iya rasa rajistar minti biyar, kun yarda? Yawancin makarantu za su yarda. In akwai goyon da ko daƙiƙa ɗaya ba a yarda a rasa ba, akwai DRBD, wanda ke cikin Linux tun 2010, yana rubuta kowane abu a saba biyu ko uku a lokaci guda, shi ma da sharaɗin rinjaye da netwok mai kyau. Ranar da kuka samu katunan gigabit 10 da SSD na kirki, zai fi kyau ma da saba ta huɗu yadda rumbu zai samu inda zai mayar da kwafi in ɗaya ta mutu, sai ka koma Ceph da RBD. Proxmox na iya matsar da faifan goyo daga wannan rumbu zuwa wancan yana kunne, don haka zaɓin yau bai ɗaure ka ba.

Ko wanne ka ɗauka, kwafin da rumbu ke yi ba ya maye gurbin ajiyar baya. In wani ya goge tebur a databes bisa kuskure, ko manhajar masu garkuwa da bayanai ta shiga ta kulle fayiloli, rumbu zai kwafi ɓarnar zuwa sabobi uku cikin biyayya da sauri. Ka samu wata kwamfuta daban, a wani gini in da hali, ka sa mata Proxmox Backup Server, ka sa qemu-guest-agent a cikin kowane goyo don a tsayar da tsarin fayil ɗinsa cak lokacin ɗaukar hoton. Duk wata ka ɗauko goyo ɗaya daga ajiyar ka tada shi ka ga ya tashi.

Kafin ka ɗora aikin gaske a kan duk abin da ka gina, ka ware yini guda lokacin hutun ɗalibai. Ka tada goyon gwaji, ka sa fio, manhajar awon saurin faifai, ya riƙa rubutun kilobait 4 ba a jere ba, ɗaya bayan ɗaya, kowane da fsync, ka rubuta adadin da yake samu a daƙiƙa. Yana cikin yi ka zare wayar netwok ta saba ɗaya, ka duba agogo ka ga daƙiƙa nawa rubutu ya tsaya. Ka mayar, ka jira ya warke, sannan ka zare wayar wutar wata. Daga ƙarshe ka kashe suwic ɗin kansa minti biyu ka kunna. Bayan kowane gwaji ka leƙa cikin goyon ka ga ko tsarin fayil ɗinsa na nan da ikon rubutu. In ka yi, ka turo mini alƙaluman fio ɗin da samfurin fayafan da ke cikin sabobin, da nau'in katin da aka jona su a kai, sai mu duba tare mu ga wane goyo zai zauna a ina. Allah ya taimaka.